Yadda Muka Kai Gwaggo Doguwa da Tayoyin Aro

Talata, Tiga

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar tashar Tiga, bayan kowa ya yi sahur ya yi salla a gidansa, don a shekarar korona har masallatai an rufe. Na ce mun bar tasha, amma gaskiya turo mu aka yi. Direbobi shida ne suka dafa bayan Gwaggo suna nishi, har ta yi tari sau uku ta kama. Gwaggo ita ce tsohuwar bas ɗin Baba Haladu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a tasharmu. Ni kuwa Isiyaku, shekarata goma sha tara ina riƙe da sitiyari, ran nan kwandasta na koma.

Ga yadda aka yi. Sati biyar ke nan da hana ɗaukar fasinja. Motocinmu suna jere a ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a ƙasansu, mu kuma kunyar komawa gida hannu rabbana ta ishe mu. A tasha muna da allo da ake rubuta layi da alli: wanda ya yi lodi a goge shi a sama, a mai da shi ƙasa. Ranar da doka ta faɗo, sunan Baba Haladu ne a sama, kuma ba wanda ya taɓa allon tun lokacin. Shi kuwa gidansa ya ƙare ƙaf, har ya yi magana da wani ɗan gwangwan zai zo ranar Alhamis ya ɗauki Gwaggo a yanka ta a sayar da ƙarfen. Ya ce wa ciyaman ɗinmu, Alhaji Sule, ya goge sunansa gaba ɗaya.

Sai ga matan da ke banda kifi a bakin dam sun zo da kukansu: kifi ya taru, ya fara ƙwari, dillalinsu na Doguwa yana jira, kuma doka ba ta hana ɗaukar abinci ba. Lodi ɗaya ne, mu goma sha ɗaya. Ni da nake na biyu har na fara shafa makullina a aljihu, ba zan ɓoye ba. Alhaji Sule ya nuna allo, ya ce layi layi ne ko da kifi za a ɗauka. Baba ya ce ai Gwaggo ba ta da batir, tayoyinta biyu sun zama tsumma. A nan ne aka yi abin da ban taɓa gani ba. Na ciro batirina, Musa Dogo ya ba da taya, Ɗan Fulani ya ba da taya, kowa ya zuƙo ɗan man da ya rage a tankinsa da tiyo. Muka cire kujerun Gwaggo muka jera a inuwa, muka loda kwalayen kifi har rufi. Dagaci ya rubuto mana takarda da hatiminsa.

Ƙofa zuwa Kwanar Ɗangora

Mun iso Ƙofa ƙarfe shida saura. Kada a tambaye ni kilomita nawa ne, allurar Gwaggo ta daina motsi tun kafin in yi aure. Babban titin da na sani da tireloli da hayaniya, ran nan wayam, har awaki sun kwanta a tsakiyarsa. Shingen farko bai ba mu wahala ba. Jami'in ya karanta takarda, ya leƙa, warin kifi ya buge shi ta cikin takunkuminsa, ya ɗaga mana hannu da sauri.

Ƙarfe shida da rabi muka karya kwana a Ɗangora muka kama hanyar Tudun Wada. Tun fitowarmu Baba yana ɗan buga sitiyari da yatsa, yana sauraren injin kamar mai jinya.

Kafin Tudun Wada

A nan muka yi kuskuren da sai direba zai yi shi. Bakwai da 'yan mintoci, muna hango shinge na biyu a gabanmu, sai wata tsohuwa a bakin hanya ta ɗaga hannu, da ƙulli a kanta. Baba ya taka birki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na buga ƙofa na leƙo da kai na ce, "Inna, Tudun Wada ne?" Sai da maganar ta fita sannan muka kalli juna.

Jami'ai biyu suka taho. Babbansu bai ko karɓi takardarmu ba. Ya ce da idonsa ya ga mun tsaya wa fasinja, umarnin da aka ba shi kuwa duk motar da ta yi haka ta juya inda ta fito. Na waiga na kalli kwalayen. Man da ke tanki na mutum goma ne, kifin na mata ne, jibi kuma Alhamis.

Baba ya sauko a hankali, ya gyara hularsa.

"Yallaɓai, ban yi niyya ba. Shekara talatin da biyar in aka ɗaga hannu ƙafata take taka birki. Sati biyar bai isa ya koya mata wani abu ba."

Jami'in ya ce shi ba da ƙafa yake magana ba, da doka yake. Na buɗe masa baya na ce ya duba, ko kujera ɗaya babu, ina za mu sa ta? Yana cikin leƙawa tsohuwar ta ƙaraso tana haki, ta dire ƙullinta a gabansa.

"Kai yaro, wa ya ce maka shiga zan yi? Saƙo ne. Gero ne da kuka, 'yata ta haihu a Tudun Wada, kwana tara ina fitowa nan ba mota. Ko geron ma an hana shi tafiya?"

Jami'in ya kwance ƙullin ya duba, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaure da kansa ya miƙo mini, ya ce gero abinci ne, mu kai, amma in ya ƙara ganin kaina a waje ina kiran fasinja ni zai sauke. Na ce har Doguwa kaina ba zai ƙara fita ba.

Takwas saura kwata muka sami gidan, bayan tasha, kusa da injin niƙa, kamar yadda Inna ta kwatanta. Mijin 'yar ya karɓa yana ta sa mana albarka.

Falgore da Doguwa

Dajin Falgore ya ci mana awa biyu, saboda Gwaggo ta tafasa a kan hawa, sai da muka tsaya muka shayar da ita jarka guda, mu masu azumi muna kallo. Sha ɗaya saura muka shiga Doguwa. Dillalin ya buɗe kwali uku, ya shinshina, ya karya tarwaɗa ɗaya, ya ce a sauke duka.

Wani direban garin, Malam Yusha'u, shi ya sauke mu a zaurensa. Motarsa ma tana ƙofar gida an rufe ta da buhuna. Da aka sha ruwa aka kawo kunun tsamiya da ƙosai da soyayyen dankali, direbobin Doguwa suka taru nesa-nesa suna tambayar yadda muka yi. Da na lissafa musu mai batir da masu taya, dariya suka yi har da riƙe ciki. Amma kafin isha na ji suna tambayar juna wa yake da batir mai rai.

Laraba, komawa

Ƙarfe shida muka taso da buhunan masara, don ta fi sauƙi a can nesa ba kusa ba. Labari ya riga mu: a Tudun Wada mutum huɗu muka tarar da ƙulle-ƙullen saƙo, na Ɗangora da na Ƙofa. Jami'in jiya yana nan. Ya duba kowane ƙulli, ya tambaya ko mai jego ta samu, na amsa masa daga ciki, kaina bai fita ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shigo Tiga. Direbobi suna zaune a kan kujerun Gwaggo a inuwa, suna hango mu suka miƙe gaba ɗaya. Musa Dogo tayarsa ya fara zuwa ya gaisar kafin mu. Matan kifi suka karɓi haƙƙinsu, suka ce akwai wani lodin ranar Asabar, masu albasa na fadama ma sun aiko. Baba ya kwance buhu guda ya auna wa duk wanda ya ba da mai ko taya. Ranar hayaƙi ya tashi a gidaje goma sha ɗaya, kuma ni dai sai da na juya baya na share idona.

Alhaji Sule ya ɗauko tsumma ya tsaya a gaban allo, ya tambayi Baba ko maganarsa ta goge suna tana nan.

"Goge ni a sama, Alhaji," in ji shi. "Ka rubuta ni a ƙasa."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Malam Yusha'u, da Innar da ban ko tambayi sunanta ba.

Ranar Alhamis ɗan gwangwan ya zo da guduma da igiya. Ya tarar da Gwaggo a kan duwatsu, ba batir, ba tayoyin gaba, don batirin ya koma motata, tayoyin ma an ara mini, layi ya zo kaina. Ya yi murna, ya ce ashe har an fara rage masa aiki. Baba yana zaune a kan kujerarta yana jan carbi, ya nuna masa allo.

"Yi haƙuri, ɗana, ka sha hanya. Ba ta sayarwa ba ce. Tana layi."