Yadda Na Ƙidaya Unguwarmu Ban da Ni

Shekarun baya can, zamanin Turawa, aka taɓa ɗaukata aikin ƙidaya na 'yan kwanaki. Lokacin na gama elementare a Kankia, sai aka miƙo mini littafi da fensir aka ce in ƙidaya mutanen unguwarmu da ke gefen Yashe. Ranar murna kamar ta kashe ni. Na maƙala fensir a kunne, na ratsa kasuwa har sau biyu don kada wani ya ce bai gani ba.

Unguwar tamu sabuwa ce. Iyayenmu sun taso daga Sukuntuni da gonaki suka yi wa jama'a kaɗan, suka sari daji, wasu suka yi ta biyo su. Na daɗe a makaranta, na dawo na tarar da gidajen da ban san masu su ba. Abin da ya hana mu sakat shi ne ruwa. Da rani mahaifiyata da sauran mata sai sun yi tafiya mai nisa su tona yashi a rafi kafin su cika tulu. To sai dagaci ya ce za a gina rijiyoyin siminti, amma sai unguwar da mutanenta suka kai adadin da aka yanka.

Da gidanmu na fara. Na zauna a zaure gaban mahaifina, na gyara murya irin ta manyan malamai, na tambaye shi yara nawa ne a gidan. Ya sunkuyar da kai ya ce huɗu. Na rubuta huɗu, na wuce gaba ina taƙama. Haka na bi zaure zaure, maigida ya faɗa, ni kuma in rubuta.

Da malamin dagaci ya haɗa, sai ya ce ba mu kai ba, kuma jibi za a wuce da littafin Kankia. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma gida ina ta faɗa, wai mutane sun ɓoye iyalinsu don tsoron haraji, sun ja mana asarar rijiya.

Kakata tana surfe a tsakar gida, ta bari na gama zuba, sannan ta ce in karanto mata na gidanmu. Na karanta.

"Huɗu?" in ji ta. "To maigidana, kai fa? Daga sama ka faɗo?"

Na ƙirga da yatsuna. Ni ne ɗan fari, mu biyar ne.

"Wane uba ka taɓa ji ya lissafa ɗiyansa ya sa na fari? Kunya fa? Mi suka koya maka a bokon nan?"

Ashe duk unguwar haka aka yi mini. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan, kowa dai ya tsallake wanda bakinsa ba ya iya ambata. Da na gane ashe za mu iya kai adadin, na yi tsalle har fensir ya faɗi.

Washegari da sassafe kakata ta ɗauki sandarta, ni ina biye da littafi. Ita ba ta da kunyar kowa, yawancinsu ma a hannunta aka haife su. Ta shiga cikin gida ta tsokani mata, ta fito ta faɗa mini sunan na fari, maigida kuwa yana kallon ƙasa yana murmushi. Har waɗanda aka bai wa kakanni riƙo ta zaƙulo, don can ma ba a sa su ba. Kafin la'asar mun wuce adadin, na ruga gidan dagaci ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Da rani ya zagayo aka gina rijiyar. Ranar da aka fara ja, mata suka yi ta guɗa. Mahaifiyata ta cika ƙwarya, ta miƙa wa kakata, ko inda nake ba ta kalla ba.

"Ba wancan shi fara sha," in ji mahaifiyata. "Ya wahala."

Na tsufa yanzu, unguwar ta zama gari, ban ma san rabin mutanenta ba. Har ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma ban taɓa shan ruwa mai daɗin na wannan ƙwaryar ba.