Muƙamuƙin Jaki

Madarasarmu tana bakin tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, kan hanyar da duk mai zuwa gona zai bi. Ba ta da katanga, shingen ƙaya ne kawai, in kana wasa a fili kana ganin kowa. A gida da Hausa muke barci da ita muke tashi, amma da ka tsallake shingen nan ta zama rutana, yaren da hukuma ba ta sani ba. Nazir, babban malamanmu, yac ce ba shi ya ƙaga ba, umurni ne daga sama, Larabci kaɗai. Shekarar nan kuwa rediyo na ta faɗin wai duk harsunan ƙasa na ƙasa ne, har za a fara koyar da su. Babana in ya ji sai yay yi dariya ya murɗa wata tasha.

Abin da anka kawo mana shi ne muƙamuƙin jaki. Busasshe, da haƙoransa, an ɗaura masa igiya. Wanda anka ji da Hausa sai a rataya masa a wuya. Shi kuma sai ya yi ta sanɗa yana kasa kunne har ya kama wani ya juye masa. Wanda jaras, ƙararrawar tashi, ya same shi da ƙashin, yara huɗu za su ɗaga shi sama, biyu hannu biyu ƙafa, ustaz na Larabci ya zuba masa tiyo a gadon baya. Ustaz ɗin ma namu ne, Bahaushe daga wani ƙauye wajen Abu Hujar. Mun sani don ranar kasuwa mun ji shi yana ciniki da mai goro. A madarasa kuwa ko tuntuɓe yay yi da Larabci yake salati.

Ni ban cika kamuwa ba da farko. Larabcina ya fi na da yawa, don ina bin masu karo, amalanken jaki, zuwa birnin Sinnar tun ina ƙarami. Kakana ne ya zame mini tarko. Kullum lokacin fatur, sa'ad da anka sake mu cin abinci, yana wucewa kan jakinsa zuwa hawasha, gonar da yake riƙe ƙarƙashin tur'a. A gidanmu ba a ganin tsoho a tsaye. Sai ka durƙusa, ka gaishe shi, ka tambayi gajiya, ka tambayi ƙafa, shi kuma ya tsokane ka.

"Kai ɓarawon mata, ina ka kwana? Jiya na ga kana zagayen ɗakin tsohuwata."

"Kaka ai ta gaji da kai, ni take so."

"Da wanga wuyan naka kamar na zabo? Tashi ka ba ni wuri."

Kafin in miƙe, igiya ta sauka a wuyana. Da yara sunka gane, sai ya zama duk mai ƙashi ba ya wahalar da kansa. Zai zauna gindin shinge ya jira tsoho. Wanda ya fi kowa yi mini haka taubashina ne, ɗan gwaggona, don shi bakinsa ba ya rufuwa, kusan kullum da safe ƙashin nasa ne. Kakansa ne shi ma, amma shi daga nesa yake ɗaga hannu ya ɓuya bayan wani.

Na sha tiyo har bayana ya daina warkewa. Rigar madarasa tana mannewa, in zan cire sai na jiƙa ta a tur'a. Inna ta gani tac ce in gaya wa kaka ya sake hanya. Babana yac ce ko kusa, ba a gaya wa tsoho ya kauce wa jikansa, kuma in anka kore ni daga madarasa in nemi wani gida. Shi burinsa in kai Sinnar in yi karatu, in daina tsayuwa cikin laka kamar shi. Ni ma ina so, ba ƙarya. Ina son lissafi, kuma ina son motocin da nake gani a can.

Wata rana na yanke a raina ba zan ƙara shan duka ba. Da kaka ya tsayar da jaki, na zo bakin shinge a tsaye, na ce masa da Larabci, lafiya ya jiddi, wato kakana. Yad dube ni, yad duba bayana ko da wani nake.

"Yau gwiwar ciwo take?"

Na ce alhamdu lillahi, don wannan ba mai kama ka da ita. Bai tsokane ni ba. Yaj ja linzami zai wuce.

Taubashina na tsaye da ƙashi a wuya, ya ga fatur zai ƙare, dukan yau nasa ne. Sai yaf fizgi reshen ƙaya daga shinge ya soka wa jakin a ƙarƙashin wutsiya. Jaki yay yi tsalle, kaka ya sulluɓo, goshinsa ya daki bakin simintin da ruwa ke bi. Na tsallake shinge ina kira, kaka, kaka ka ji ciwo, tashi mu gani. Jini ya rufe masa ido ɗaya yana lalubar hularsa. Ina riƙe da kansa na ji igiya a wuyana.

"Rutana," in ji taubashina, da Larabci, yana juyawa ga yara. "Kun ji shi, ku ne shaidu."

Na ajiye kan kaka a hankali. Na cire ƙashin na naɗe igiyar a hannu, na bi shi. Bai yi nisa ba, santsin laka ya kayar da shi. Na hau ruwan cikinsa na rinƙa buga masa muƙamuƙin a baki. Yana ihu da Hausa, yana kiran gwaggo, ni kuma ina ce masa ƙara faɗa, ai ga ƙashin nan na kawo maka. Haƙoransa na gaba sunka zube, leɓensa ya tsage har haɓa. Yara sun yi da'ira, ba wanda ya taɓa ni.

Ustaz ne yaz zo ta baya ya zuba mini tiyo kan tsohon miki. Zafin ya kai mini har ƙwaƙwalwa. Na juyo na riƙe tiyon, munka yi ta ja, ya kwaɗa mini mari, na cije shi a hannu har na ji gishiri a bakina. Da ya saki sai na tsula masa tiyon a fuska. A nan ne na ji Hausarsa a cikin madarasa. Ya zagi uwata, ya zagi ubana, zagi irin na tsofaffin garinsu wanda ko mu ba mu iya ba. Wani yaro yay yi dariya, sauran sunka kama. Mai gadi da wasu malamai biyu sunka danne ni ƙasa, gwiwa a wuya, sunka ɗaure ni da igiyar tuta a jikin bishiyar nim har azahar.

Gida ya kama da wuta. Gwaggo taz zo da taɓarya tana neman kaina, inna ta tare ƙofa, sunka yi ta jan zane. Babana ya ɗauko igiyar shanu ya jiƙa, ya rufe mu a ɗaki ni da shi. Kwana biyu ban iya kwanciya ba sai rub da ciki.

Ranar da na iya tafiya, kaka ya ɗaura rawani kan ƙyallen da ke goshinsa yac ce in biyo shi. A ƙasa munka tahi, bai hau jaki ba. Munka shiga ofis ɗin nazir, ustaz na gefe da hannu a naɗe. Kaka ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa gaban tebur, mutumin da ya girmi uban nazir. Yaf fara roƙo da Larabcinsa na kasuwa da masallaci, yana haɗa shi da ƙyar. Yac ce laifin nasa ne, shi ya saba tsayawa, daga yau zai zagaya ta bayan maƙabarta, yaron yana da kai, a yi masa bulala ko nawa ne amma a bar shi ya zauna. In kalma ta ɓace masa sai ya dubi ustaz, ustaz ya dubi taga.

Nazir ya saurare shi har ya gama, ya ma ce a kawo masa kujera. Sannan yac ce ya haj, wanda ya ɗaga hannu ga ustaz ba ya komawa aji, nan ko wata madarasa, ba a hannunsa abin yake ba.

Munka fito. Yara na cikin aji suna maimaita karatu da ƙarfi. Kaka na gaba ina biye, har munka wuce shingen bai waiwayo ba. Da munka kai inda hanya ta rabu, ta gida da ta hawasha, yat tsaya yana numfashi.

"Ubanka ya ce kar ka kwana gidansa?"

Na ce e.

"To akwai tabarma a zaurena. Gobe ruwa ke shiga gona, ka tashi da wuri, ni bayana ba ya lanƙwasuwa yanzu."

Yab bi ta hawasha, na bi shi.