Bukar Mu-gani da Randar Dije

Ku da kuka zauna da Yaya Bukar kun san ba a gaya masa magana ya ce to. Ka ce masa gobe kasuwa, sai ya tsuguna, ya tura hula ƙeya, ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama, ya ce bari mu gani. Sunan ya bi shi har cikin ganuwar Haɗeja, fataken kanwa ma in sun sauka Bukar Mu-gani suke tambaya. Ni taubashiyarsa ce, 'yar namiji kuwa, don haka bakina a sake yake a kansa yana raye, yau ma da ba ya nan ba zan ɗaure shi ba. Masunci ne a suna. Sai dai in tsaransa sun fito da kifi, shi da tambaya yake fitowa, matarsa Yaya Dije kuma ita ke biyan kuɗin amsa da kayan ɗakinta.

Na fara da azumin nan da ya kusa watsa gari. Kowace mace ta san kanwa na kashe tsami, ba wadda ta taɓa tambayar inda tsamin yake zuwa in ya mutu. Shi ya tambaya. Dije ta jiƙa tsamiyar kunun buɗa-baki, ta fita aron murhu. Ya juye ruwan a gora, ya jefa kanwa ungurnu a ciki, da ya ga kumfa na tasowa sai ya toshe bakin da tsumma da danƙo, ya tura ƙarƙashin gado. Lokacin kuwa ana zaman ɗar-ɗar, ko jaki ya yi tusa sai a ce mahara ne. Ana dab da la'asar gorar ta tashi da ƙara kamar bindiga. Wallahi na ga Liman da idona ya haura dangarmu ba takalmi, tsofaffi na kiran a kora shanu cikin fadama. Da ƙura ta lafa aka tarar da mutumin a tsakar ɗaki, gemu duk tsamiya, yana murmushi.

"Ashe tsami ba mutuwa yake ba," in ji shi. "Iska yake zama, ya nemi hanya."

"To ka sha iskar in an kira magariba," in ji Dije. Da ruwan randa ya buɗe baki ranar.

Ta biyun da ni aka yi, har gobe ina jin haushi. Ni mai banda ce, na gaji sanin cewa ruɓaɓɓen kifi shi ke haifar tsutsa. Ya ce bai taɓa ganin tarwaɗa da cikin tsutsa ba. Na juya baya ina hura wuta, ya zare mini manya guda biyu, ya kai bayan rumbu. Ɗaya ya bar ta a fili, ɗayar ya sa a akushi ya ɗaure bakin da zanen saƙin da Dije ke zuwa biki da shi, wai shi ya fi matsi. Aka kwana biyu unguwa ba ta shaƙuwa, kare ma ya daina bin lungun. Ya tara mu ya kwance zanen. Ta fili ta cika da tsutsa, ta cikin akushi ta ruɓe har ta narke amma ko ɗaya babu. Ya nuna mana wasu fararen ɗigo a bayan zanen, inda ƙuda ya sauka ya rasa hanya ya zubar da ƙwansa. Ya ce ga uban tsutsa nan, a daina yi wa kifi ƙazafi. Na ce kifina fa? Ya ce in gode Allah, kifina ya wanke sunan danginsa. Tun daga ranar nake rufe kifina, amma ban taɓa bari ya gani ba. Zanen kuwa an wanke shi da toka, an turara shi, duk da haka in Dije ta ɗaura sai kyanwa ta biyo ta.

Duk wannan ta haɗiye. Abin da ta kasa haɗiyewa randa ce. Randar uwarta ce, ƙatuwa, ta kai ni ƙirji, ruwanta kuwa in ka sha da bazara har haƙori. Yaya Bukar ya lura kullum bayanta a jiƙe yake. Ga shi da maƙo, sai ya ce randa na sace musu ruwa. Ya narka kakin zuma ya shafe ta ciki da waje. Randa ta daina gumi, ruwa ya daina raguwa, ya kuma koma ɗumi kamar na wankan jego. Maimakon ya ba da haƙuri sai ya shiga tafa hannu, yana cewa ashe sanyin a gumin yake, iska in ta ɗauke danshin da zafin take tafiya, yadda take yi wa mutum bayan noma. Dije ta miƙe ta shige ɗaki. Ta naɗe tabarmarta, ta yi yaji zuwa gidan wanta a Baturiya, mace da furfura a kai.

Ya ce za ta dawo da ƙafarta. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko, shiru. Ruwan kogi ya sauko ya shafe hanya, fadama ta zama tafki ɗaya. Ni nake aika masa da tuwo, akushin ya dawo yadda ya tafi. Ya rame. Abin da ya fi tsorata ni, rannan na ce masa wani kada ya fito daga kogi ya haura tudu ya ci akuya, sai ya ce Allah ya kyauta, bai tsuguna ba. Nan na san aure na shirin mutuwa, shi ma yana biye.

Na shiga jirgin fito na je na same ta. Ta ce in biko yake so ya zo da kansa, ya kawo mata randar uwarta lafiya, in ta fashe a hanya kada ya ƙaraso. Na dawo na faɗa masa. Mai fito ya dubi randa ya dubi kwalekwalensa, ya ce ba zai kife da mutane saboda tukunya ba. Yaya Bukar ya zagaya randar, ya ƙwanƙwasa cikinta, sai na ga hular nan ta koma ƙeya. Ya ce in jirgi ba zai ɗauki randa ba, randa ta ɗauki mai ita. Na ce ƙasa ce fa, ƙasa nitsewa take. Ya ce curin ƙasa ne ke nitsewa, wadda aka fafe takan ture ruwan da ya fi ta nauyi, ruwan kuma ya tallafe ta, ga shi kaki ya toshe ta ba inda za ta sha. Ya zuba yashi a gindinta don kada ta karkace, aka gangara da ita, ya shiga ya tsuguna da muciyar Dije a hannu.

Jama'a, ta ɗauke shi! Abin da bai gwada ba shi ne randa ba ta da gaba ba ta da baya. Ya tuƙa dama ta juya, ya tuƙa hagu ta juya, kai kawai ake gani yana zagayawa, yana gaida gabas yana gaida yamma. Muna biye a jirgi, mai fito ya kasa riƙe gwangwala don dariya. Masunta da ke kwance a kan gorunansu suka daina su, suka rako mu suna yi masa kirari. Daga hantsi har rana ta karkata ruwa na tafe da shi, ya yi amai a wajen randa don kada ya ɓata ta.

Hayaniya ta riga mu isa Baturiya. Randa ta maƙale a ciyawar burgu kusa da gaɓa, jiri ya hana shi miƙewa. Sai ga Dije ta keto mutane, ta shiga ruwa har ƙugu, ta kama bakin randar ta ja. Ta fara duba randar tukuna, sannan ta dube shi.

"Kai dai ba ka da hankali. Wannan ma gwaji ne?"

"A'a, gwajin na gama shi a gida. Na gwada zama ba ke. Bai yi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ya fito mata daga randa kafin ya fasa ta. Washegari muka dawo tare, randar tana bin jirgi a ɗaure da igiya. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, duk abin da zai gwada ya gwada da kayansa. Da yake ba shi da kaya, nawa ya koma wa.

Daga nan suka yi shekaru masu yawa tare. Ya taɓa gaya mini, muna gyaran komar kamun kifi, cewa addu'arsa ɗaya ce bayan kowace salla, Allah ya ɗauke shi kafin ita, don abin da ya gani a daminar nan ba zai iya maimaita shi ba. Allah ya amsa masa a kakar da ta wuce, ya cika kansa na kan cinyarta. Da muka shiga yi mata gaisuwa na faɗa mata wannan addu'a, ina zaton zan sanyaya mata rai. Ta ce ai ta sani, mai son kai, ita ya bar wa gwajin.

Allah ya jiƙan Yaya Bukar, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ita kuma da ke zaune can ƙuryar ɗaki ita kaɗai, Allah ya ba ta ikon ɗauka, ya sada su a inda ba a rabuwa. Amin.