Ruwa Ya Ci Idi, Baki Ya Ci Arzika

Da kakar nan da muke ciki shekara arba'in ke nan da muka sa Arzika a ƙasa. Mu da muka tsaya masa salla ba mu cika sahu biyu ba, kuma a cikinmu yau ni kaɗai na rage. Waɗanda ke ba da labarinsa yanzu babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da idona ya gani tun bakina yana motsi.

Sunana Illa. A wancan zamani, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, shofer ne ni a Madawa, ina jan wata tsohuwar mota mai shiga daji. Arzika kuwa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Keita, gindin duwatsu, inda ruwan da ke gangarowa daga tuddai yake taruwa ya zama tabki mai kaiwa har rani. Kowa ya san yankinmu na Adar ba ƙasar masunta ba ce. Noma muka sani da kiwo, da yawa cikinmu ma ƙyamar kifi suke yi. Amma gidan su Arzika su ke riƙe da tabkin nan tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, tsoho Nomau, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, kuma shi ke yanka baƙin bunsuru a bakin ruwa kowace shekara kafin kowa ya shiga. Arzika ya tafi cin rani wajen Sakkwato yana saurayi, ya zauna da masuntan gulbi, ya dawo da abu biyu: iya kamun kifi da salla. Da wuƙar yankan ta zo hannunsa ya ce wa tsohon ya yafe masa, ba zai iya ba. Tun daga nan aka daina yankan.

Aikin da aka san shi da shi, kai baƙi kamun kifi ne. In damina ta ja baya, gero ya nuna ana cin tumu, ruwan tabki ya kwanta ya yi garau, sai ma'aikata su fara nemana. Malaman lakwal, wato makarantar boko, da hutunsu bai ƙare ba, akawuna, wani lokaci da Bature ɗaya ko biyu cikin waɗanda suka rage. Ranar Lahadi mukan bi ta Buza, mota tana kuka a kan duwatsu, mu tarar da Arzika ya riga ya haƙo tana, ya kamo fara, ya jera sandunan fatsa a gindin wata bagaruwa. Shi ke zaunar da kowa a inda ya dace da shi. Mai haƙuri ya kai shi wurin tarwaɗa, mai gajen haƙuri ya ajiye shi inda ƙananan karfasa ke rububin ƙugiya don kada ya koma gida da fushi. Shi kansa yakan kwanta bisa babbar gorarsa, yana zagaya su cikin ruwa, yana warware igiyar da ta sarƙe, yana yi musu ba'a. Da azahar matarsa Tsahara ta gasa abin da aka kama, ta barbaɗa yaji, Buzayen da ke kiwo kusa su kawo madara a haɗa shayi. Ban san wata rana cikin rayuwata da ta fi waɗannan sauƙi ba.

Cikin masu zuwa babu kamar Mushe Idi, haka muke kiran ma'aikata da Faransanci. Ma'aikacin asibiti ne a Madawa, ɗan Galma, siriri mai sanyin murya. Bai taɓa tsallake kaka ba. Bai iya ruwa ba, kuma bai ɓoye ba. Yakan naɗe wandonsa ya shiga iya gwiwa a wani wuri mai yashi da Arzika ya zaɓar masa tun zuwansa na farko. Shi ke kawo wa Tsahara kinin in zazzaɓi ya kama ɗiyarsu, Arzika kuma yakan aika masa bandar kifi ta hannuna. Abota ce ta gaske, wadda babu riba cikinta.

A shekarar da abin ya faru an yi wani ruwan bankwana mai ƙarfi a kan duwatsu, bayan kowa ya zaci damina ta wuce. Ƙoramar da ke zuba cikin tabkin ta sauya hanya, ta yanke rami mai zurfi a ƙarƙashin ruwa, daidai wurin Idi, sannan yashi ya rufe bakinsa. Daga sama babu abin da ya canza. Ranar muna tare, hantsi ya ɗaga, Arzika yana can ɗaya gefen yana cire wa wani akawu ƙugiya daga ɗan yatsa. Ni ina gindin bagaruwa. Na ga Idi ya ɗaga sanda, kifi ya ja, ya yi dariya, ya ƙara taku gaba. Sai ƙasa ta zame ƙarƙashinsa. Ko ihu bai yi ba. Hularsa kawai na gani tana yawo.

Ni ma ban iya ruwa ba. Ihu na yi ta yi har Arzika ya jefar da gora ya taho da iyo. Ya nutsa ya fito, ya nutsa ya fito, laka ta turnuƙe ruwan, ba ya ganin ko tafin hannunsa. Har rana ta faɗi bai same shi ba. Washegari ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ba ni bakinta na riƙe, ya ci gaba. Mutanen gari suka cika gaɓa suna kallo, babu wanda ya tuɓe riga. Sai da la'asar ya taɓo shi, ƙafarsa maƙale cikin saiwar wata bishiya da ƙorama ta jawo. Ya fito da shi rungume a ƙirji, jini na zuba daga hancinsa da kunnensa saboda nitso. Shi ya wanke masa lakar fuska da hannunsa.

Jandarmomi sun zo daga Keita, sun tambaye mu, sun auna ramin da sanda mai tsawo, suka ce ƙaddara ce, suka tafi. Hukuma ta gama nata. Na gari ne bai ƙare ba.

Wata mata ta ce ta ga Arzika da sassafe tsugune a bakin tabki yana motsa baki. Gaskiya ne, addu'a yake yi, kullum haka yake yi kafin ya shiga. Amma magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya kai Babban Katami cewa ɗan masu tsafi ya daina ba ruwa bunsuru ne don ya yi masa alkawarin mutum, kuma baƙo ya zaɓa don kada a gane. A masallaci, in ya tsaya a sahu, sai na kusa da shi ya matsa, a bar gurbi dama da hagu. A rijiya mata suka daina karɓar gugar Tsahara.

Ya juya wajen danginsa, can ma ƙofa a rufe. Ina zaune a zaurensu ranar da tsoho Nomau ya dube shi ya ce, “Na hwaɗa maka tun wuri. Ka hana ruwa abincinai, ga shi ya ɗauka da hannunai. Jinin yaron ga bisa kanka yake.” Masu salla sun ce ya ba ruwa mutum, masu tsafi sun ce ya hana ruwa dabba, duka biyun kuma suka tsaya a kan cewa shi ya kashe abokinsa.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin, a shekarar nan tabkin ya yi kifin da ba a taɓa gani ba. Ruwan bankwanan ne ya cika shi ya wanko masa abinci daga tuddai, kowane masunci ya san haka. Amma mutane suka ce ga shaida, an biya ruwa ya saki dukiyarsa. Suka shiga da kwanduna da zannuwa suka yi ta kwasa, har waɗanda da ba sa cin kifi. Suna ci suna zaginsa.

Mutum ɗaya ne ya zo masa da wata magana dabam, shi ne mahaifin Idi. Dattijo ne, ya hau raƙumi daga Galma bayan an share makoki, ya sauka ƙofar gidan Arzika, gari duka na leƙe ana jiran a ga faɗa. Ya kama hannunsa biyu ya ce, “Ɗana, an ce mini kai ka fiddo shi. Da ba don kai ba da ban san inda zan tsaya in yi mai addu'a ba. Allah shi saka maka.” Nan Arzika ya durƙushe yana kuka kamar yaro, abin da bai yi ba ko ranar da ya ɗauko gawar. Na zaci wannan zai kashe maganar. Da dattijon ya tafi sai aka ce ai an rufe masa baki da magani.

Baƙi suka daina zuwa. Wasu tsoro, wasu kunya, wasu kuma matansu suka hana. Ni na ci gaba da bi ta can duk lokacin da hanya ta ba ni. Tun nitson nan tari ya kama shi, sanyi ya shiga ƙirjinsa bai fita ba. Ya fasa gorarsa da gatari, ya koma ƴar gonarsa, amma ko kunya ɗaya ba ya kaiwa sai ya zauna. Na yi ta roƙonsa ya bari in kai shi asibitin Madawa. Ya ce, “Illa, in shiga ɗakin da yake aiki, abokan aikinai su duba ni? Da wane ido?” Sai da ya kasa tashi na ɗauke shi da ƙarfi na kai shi babban asibitin Tawa. Suka duba, suka ce an makara. Na maido shi gida. Ya cika ana yankan gero, shekara guda bayan Idi. Liman ya yi masa salla, wannan ba zan ci amanarsa ba, amma mafi yawan gari sun ce aikin gona ya riƙe su.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Na tabbata zai yi murna da jerin duwatsun da aka shimfiɗa a kan tuddai tun da aka fara aikin gyaran ƙasa a Keita, don ya sha faɗa mini cewa ƙoramun nan za su cinye Adar in ba a tare su ba. Zai yi mamakin albasa da injinan ban ruwa a inda muke zama, da samari masu ɗaukar kifi a bayan babur su kai Tawa tun bai mutu ba. Rabin tabkin ya zama yashi, bagaruwar an sare ta. Zai ɓata rai in ya ga ana jan gidan sauro cikin ruwa ana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su kai yatsa ba. Kuma zai tarar cewa babu mai yanka bunsuru yanzu, jikokin masu tsafin duk alhazai ne, abin da aka tsane shi dominsa kowa ya bi shi a kai ba tare da an ce ya yi gaskiya ba.

Amma akwai abin da nake gode wa Allah da bai gani ba. A ƙauyen nan, in uwa tana son hana ɗanta zuwa bakin ruwa, cewa take yi, kada ka je, Arzika zai ja ƙafarka. Mutumin da ya ba da ƙirjinsa don ya fiddo gawa ya zama dodon tsorata yara. Kuma saboda tsoron, yaran ba sa koyon iyo, ga shi kusan kowace damina sai ruwa ya ci wani, sai a ƙara ɗora masa. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Ni na ga wadda ta yi ƴaƴa har da jikoki.

To me ya rage nasa? Kabarinsa ƙorama ta cinye tun shekarun baya. Tsahara ta rasu a garin iyayenta. Ɗiyarsu ta yi aure nesa, inda ba a san sunan ubanta ba. Bara wata budurwa ta yi sallama a gidana, ta ce jikarsa ce, tana karatun aikin jinya, uwarta ce ta kwatanta mata ni. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, “Kaka, ina so in ji daga bakinka. Da gaske ne abin da ake cewa?”

Na ba ta labarin duka, kamar yadda na ba ku. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Da za ta tafi ta ce mini uwarta ta haura shekara arba'in da haihuwa amma ba ta taɓa ambaton sunansa a gaban ƴaƴanta ba, kuma har yau uwar ita kanta ba ta tabbata ko ƙarya aka yi masa ba.

Allah ya jiƙan Idi, ya jiƙan Arzika. Inda suka tafi babu buƙatar shaidata.