Baƙin Kai a Gidan Furfura

Gidanmu na Fakku gidan furfura ne. Namiji a zuriyar kakanmu ba ya cika ashirin da biyar sai fari ya keto masa a gefen kunne, kafin ya tara 'ya'ya uku kansa ya zama kamar an watsa masa garin gero. A kasuwar Kebbe ko ba a san ka ba, kana ɗaga hula ka share gumi za a faɗi gidan da ka fito. Ni kaɗai na fita zakka. Na doshi talatin kaina baƙi wuluk, gemuna ma haka.

Da a wani gida ne, da abin taƙama ne. Amma ni kwantacce ne. Mahaifina ya tafi fataucin goro Kurmi, ciwo ya kama shi a hanya, bai dawo ba. Inna ta ce ya bar ta da ciki, aka yi ta jira, sai da aka ci damina biyu da tafiyarsa sannan ta haife ni. Malamai suka ce ciki ne ya kwanta ya tashi, shari'a ta san da haka, ɗa na mai gida ne. Baffa, yayan mahaifina, shi ya yanka ragon suna. A zaure magana ta mutu ke nan. A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwarsu, ta ɗauke ta ta adana.

Shekarar da aka sami mulkin kai ina koyarwa a firamare a Tambuwal. Tun ina yaro Baffa ya ce ya ba ni 'yarsa, kuma ina sonta, ba zan ɓoye ba. Duk hutu sai in hau keke in tafi Fakku in tayar da maganar aure. Baffa ya ce a bari sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce bayan salla. Abin da na lura da shi, in yana wannan magana ba idona yake kallo ba, bakin hulata yake kallo. Gwaggo kuwa da na durƙusa gaishe ta sai tausayina ya kama ta.

"Malam, tuɓe hulag ga ka sha iska mana. Zuhwa nika gani kana yi."

Ko da sanyin safiya ne haka za ta ce. Ban taɓa jin ta damu da zufar wani a gidan ba sai tawa.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga nan na fara zargin kowa. Wanzamin da ke yi mini aski a Tambuwal surukinsa mutumin Kebbe ne, kuma wata rana yana wasa aska ya ce Baffana na gaishe ni. A ina suka haɗu? Na ga in ya gama ba ya saurin share gashin, sai ya tsaya ya ɗan juya shi da yatsa. Wataƙila haka yake yi wa kowa, ni dai na sauya wanzami. Abokin aikina da ya taɓa cewa ina da sa'a, har yanzu kamar saurayi, mako guda ban ci abinci tare da shi ba.

Sai na ji tsofaffi suna cewa turare na kawo furfura in ana shafa shi a ka. Ni da nake koya wa yara kiwon lafiya, na je kasuwa na sayo mai ƙarfin, irin wanda in ka shiga ɗaki sai an buɗe taga. Safe da yamma ina goga shi a gefen kunnuwa, in ɗauki madubi in juya nan in juya can. Wata uku ban sami ko sili ɗaya ba, sai ciwon kai. Abin da ya samu shi ne labari ya riga ni isa Fakku, wai Malam ya zama ɗan ƙwalisa, ƙamshinsa na gaba yana baya, lalle akwai wadda yake yi wa a Tambuwal. Wa ya kai labarin? Har yau wanzamin nan nake zargi.

Da aka gama girbi na koma, na ce wannan karon sai an tsayar mini da rana. Na tarar da Baffa a tsakar gida da hantsi, Gwaggo na gefe tana kaɗi. Na faɗi abin da ya kawo ni. Baffa ya yi gyaran murya zai fara maganarsa ta a bari sai bayan salla, Gwaggo ta riga shi.

"Yaya, mi ag gaggawa? Kyan ɗa ya gaji ubansa. Mu dai gidanga mun san kanmu."

Ba ta ɗago daga mazarinta ba. Zuciya ta taso mini. Shekara da shekaru ana kewaye-kewaye, yau an faɗa.

Ashe Inna na bayan rumbu tana sheƙe dawa, ta ji. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake, tun da na yi wayo ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Ranar ta ajiye faifai ta zo ta durƙusa gaban Baffa, ba ta dube ni ba, ta sa hannu ta kwance kallabinta. Mace ta haura hamsin, kitsonta baƙi ƙirin, babu fari ko ɗaya.

"Yaya, ga inda yaron ga ya gado."

"Shuni na," in ji Gwaggo.

Inna ta miƙe ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta ɗauko sabulun salo, ta sunkuya nan a tsakar gida, gaban yayan mijinta da ɗanta na fari, ta cuɗa kanta har kumfa na zuba mata a wuya. Ta ɗauraye. Ruwan da ya gangara ƙasa ba shi da launin komai. Ni kam na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni, tausayinta ya kama ni, kuma na tsani gidan nan gaba ɗaya a wannan lokaci.

Gwaggo ta leƙa ruwan, ta koma kan kaɗinta.

"To, mun ga na uwa. Saura na uba."

Na jira Baffa ya tsawata mata. Shi ya yanka ragona da hannunsa. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana tonon ta da tsinke, sannan ya ce a bari a ga bayan salla.

Bayan sallar aka ɗaura wa 'yar Baffan aure da ɗan Gwaggo, mai kai fari fat. Shi ai furfurar uwarsa ya gado, ba ta ubansa ba, amma ban ji wanda ya ce a jira na uba ba. Tun daga lokacin nake zargin Gwaggo ba ta taɓa damuwa da cikin Inna ba, yarinyar take so wa ɗanta, ta sami sanda a kusa ta ɗauka. Wani lokacin kuma in ce a'a, da gaske ta yarda da abin da take faɗi. Inna kuwa ban taɓa tambayarta komai ba, ba a yi bakin da zan tambaye ta da shi ba.

Na yi aurena a Tambuwal, na rage zuwa Fakku. Inna ta rasu, Baffa ya bi ta. Bayan wasu shekaru ina zaune ana mini aski, wanzami ya tsaya ya ce, "Malam, baƙi sun iso." Na karɓi madubi. Ga su nan a gefen kunne, farare tas. Na ce ya dakata da askar. Na bar gashin ya taru, mutane na tambaya ko lafiya, sannan na hau keke na nufi Fakku.

Na sami Gwaggo a bakin ɗakinta, ta tsufa tukuf. Na durƙusa na gaishe ta, ban jira ta ce in sha iska ba, na tuɓe hula na miƙa mata kai.

"Gwaggo, duba."

Ba wanda ya gaya mini idonta ya tafi tun bara. Ta miƙo hannu tana lalube har ta sami kaina, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta sake shafawa a hankali.

"Gashi dai nika ji," ta ce.