Gonar da Na Zana a Ƙasa

Har ƙasa ta rufe idona ba za ni manta ranar da aka kira ni ƙofar maigari ba. Shekarar fari ce, ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. A bazarar na rufe matata a maƙabartar garin, kuma ba ni da burin da ya wuce a bar ni kusa da ita.

Yaran sun kasa gane yadda za a ninka rabi da sulusi, amsa ta fito ƙarama. Alli ya ƙare mana, sai na fitar da su gindin tsamiya na zana gona a ƙasa. Na tsaga ta uku a tsaye, na ce sulusi kaɗai ya tsiro. Na sake tsaga ta biyu a kwance, na ce rabin abin da ya tsiro ya bushe. Suka ƙirga gida shida, ɗaya ne mai rai. Da murnar sun gane suka kai labari gida.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Ba a jima ba zance ya zagaye gari cewa malamin boko yana bugun ƙasa, har ya faɗi abin da za a girbe bana. Iyaye suka fara janye yara. A masallaci sai a amsa gaisuwata ba a dube ni ba.

Maigari ya ce, "Malam, mi kaka zana ma ɗiyanmu ga ƙasa? In duba ce, za ni Isa a canza muna wani."

Na tsuguna na sake zanen. Wani dattijo ya janye ƙafarsa yana a'uziyya.

Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rabin sulusi, ai sudusi ke nan. Ranka shi daɗe, hisabi na, irin wanda muka yi wurin rabon gado."

Dattijon ya ce, "To don mi sai gona za shi busarwa? Babu tabarma gidansu?"

Wasu suka yi dariya. Maigari bai yi ba. Ya ce, "Koma aji, malam. Amma ka ƙyale gona, wadda muka kallo kullum ta ishe mu."

Washegari tabarma na shimfiɗa, na ja layukan da gawayi, yara suka dawo da ɗaiɗai. Tun ranar, kafin in kawo misali a aji, sai na fara tunanin abin da yaran suka baro a gida.