Ƙoƙon Kan da Shitu Ya Haƙo

Malam Shitu mai haƙar rijiya ba ya cire hula a gaban mutane. Shekarunsa sittin da biyu, kuma tun yana ɗan sha bakwai yake shiga ƙasa da diga da shebur a ƙauyukan da ke tsakanin Dayi da Malumfashi. Shekara tara da suka wuce igiya ta tsinke, guga cike da tsakuwa ya faɗo masa a ka. Jini ya taru a cikin kansa, aka kai shi asibiti a Kano, likitoci suka huda ƙashin suka fitar da jinin. Ya warke, amma ya rage da ɗan kwarmi a saman kunnen hagu, daidai shigar babban yatsa. Shi hular take rufewa.

A ranin bara yana haƙa rijiya a gefen gonarsa. Ya kai zurfin gaba uku, sai diga ta taɓa wani abu da ba dutse ba. Ya share ƙasar da hannu. Ƙoƙon kan mutum ne, da zagayayyiyar huda a saman kunnen hagu.

Shitu ya yi abin da ya san ana yi wa mamaci. Ya fito da ƙoƙon da sauran ƙasusuwan, ya wanke su, ya naɗe a farin ƙyalle ya ajiye a zaure, da niyyar kiran liman bayan la'asar.

"Na ce masa, Malam, fara kiran mai unguwa," in ji matarsa Hajo. "Ya ce bawan Allah ya gaji da jira."

Maƙwabcin gonarsa, Murtala, ya tafi kasuwar Funtua shekara huɗu da suka wuce bai dawo ba, kuma kowa ya san sun yi rigimar iyaka. Kafin la'asar ƙanin Murtala, Abdulmutallib, ya iso ƙofar gidan da jama'a a bayansa, yana cewa ƙashin yayansa ne.

"Wa ke wanke ƙashin da bai san mai shi ba?" ya ce. "Ga shaidar diga nan a kai. Sai 'yan sanda sun tafi da kai."

Mai unguwa ya ce a dakata, ya aika aka kira Dakta Judith, likita 'yar garin da ta zo gida hutu. Ta ɗauki hoto ta tura wa wani malamin jami'a mai binciken tsoffin ƙasusuwa. Amsarsa ba ta taimaki Shitu ba. Ya ce da an bar ƙashin inda yake kwance, da ƙasar wurin ta nuna daɗewarsa, amma yanzu an ɗauke shi an kuma wanke. Ya ƙara da cewa ta duba bakin hudar.

Ta zaga shi da yatsa sau biyu.

"Sumul yake," ta ce. "Da diga ce, da ya tsattsage. Wannan kankare shi aka yi a hankali, kuma ƙashin ya sake tofowa a baki. Ƙashin gawa ba ya warkewa. Mutumin ya rayu bayan hudar, ƙila shekaru."

Ta bayyana musu cewa aikin yana da suna a Turance, trepanation, wato huda ƙoƙon kan mai rai don a yi masa magani. Likita yana faɗar kalmar a kan aikin da ake yi wa majinyaci. Mai binciken tarihi kuma yana faɗar ta idan ya tono tsohon ƙoƙon kai da irin wannan huda, kuma bakinta yake dubawa ya san ko mai shi ya rayu bayan aikin.

"Dakta, ƙashi dai ƙashi ne," in ji Abdulmutallib.

Shitu ya cire hularsa. Ya kama hannun Abdulmutallib ya ɗora babban yatsansa a cikin kwarmin, sannan ya mayar da shi kan hudar ƙoƙon. Abdulmutallib ya janye hannu ya goge a riga.

Maitama wanzami ne ya yi magana daga baya. "Shekara talatin ina aske Murtala duk Juma'a. Ban da ƙeya mai tsini irin taku, ba rami ko ɗaya a kansa."

Wasu suka yi 'yar dariya, ba ta daɗe ba. Ba a kira 'yan sanda ba. An yi wa ƙasusuwan salla aka binne kafin magariba, Abdulmutallib yana sahun baya.

Kafin a rufe ƙyallen, Dakta Judith ta auna hudar da zare, ta auna kwarmin Shitu da zaren nan. Bai wuce ba, bai rage ba.

Shitu ya ƙarasa rijiyar, ruwanta garau, sai dai Hajo ba ta girki da shi. Har yau ba labarin Murtala, kuma ba wanda ya san ko wane ne mutumin.

"Ni a Kano aka yi mini, da lantarki da allurar barci," in ji Shitu. "Shi wa ya riƙe masa kai?"

Duk Juma'a yakan biya ta kabarin bayan an sauko daga masallaci. Can ne kawai yake zama ba hula.